Masarar Jirgin Gwaji

Salifu Gado ya shekara tara yana shayar da jirage mai a filin jirgin sama na Yamai. Aikinsa ke nan: ya tuƙo motar tanki zuwa ƙarƙashin fiffike, ya ɗaura tiyo, ya tsaya yana kallon agogon awo har cikin jirgi ya ɗauka. A garinsu Gidan Amumune, can cikin ƙasar Mayahi, ba a damu da bambancewa ba. Cewa ake Salifu na aikin jirgi, wasu tsofaffi ma sun ɗauka shi ke tuƙawa.

A kakar shekarar 1984 ya karɓi hutun sati guda ya nufi gida. Da ya sauka Tasawa sai ya biya wajen abokinsa Iliya, wanda suka yi lakwal, wato makarantar boko, tare tun suna ƙanana. Iliya Kirista ne, kuma direba, yana da wata tsohuwar kamyo, babbar motar kaya, da ya gada wajen ubansa. Salifu ya iske motar ajiye a gindin iccen bedi, kaji suna kwanciya ƙarƙashinta.

"Lahiya motar taka?" in ji Salifu.

"Lahiyarta lau, ƙishi ke damunta," in ji Iliya. "Tun da aka rufe iyakar Najeriya man gazuwal ya ɓace. Wanda ke shigowa na motocin soja ne. Wata biyu ke nan ban tada ta ba."

Washegari Salifu ya samu wata motar kasuwa ta kai shi Mayahi, daga can ya ƙarasa a amalanken jaki, da buhun shinkafa ɗaya da ya sayo. Kaka ce, amma bai ji daka ko sussuka a ko'ina ba. Geron ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. A bakin gari ya ga gidaje da yawa an kare ƙofarsu da ƙaya, masu su sun yi kudu.

Yayarsa Zara'u ce ta tarye shi. Mijinta ya tafi cin rani tun kafin damina ta ƙare, ita kuma ta dawo gidan ubansu da ɗiyanta uku. Ya iske ta tana sake wa ƴaƴan anza na daji ruwa, kwana na huɗu ke nan, don ɗacin ya fita a samu abin sa wa baki. Ubansu Malam Gado yana zaune a zaure, ya rame har rigarsa ta yi masa yawa.

"Baba, ku zo mu tafi Yamai," in ji Salifu bayan an gaisa. "Ɗakina guda ne, amma za mu matsa."

"In tafi in bar wa wa garin?" in ji tsohon. "Kai dai ka faɗa mani gaskiya. Mutane na cewa jiragen nan naku masu jan farin zare a sama su ke kore hadari. Haka ne?"

"Ba haka ba ne, Baba."

"To. Ni ma ban yarda ba. Na dai ce in ji daga bakinka."

Shinkafar ba ta kai kwana biyar ba, don Zara'u ba ta iya dafa abinci maƙwabta na jin ƙamshi ta hana su. Ranar da Salifu zai koma ta raka shi har bayan gari. Sai da ya hau amalanke ta ce, "In ka samu wani abu ka aiko. In ba ka samu ba, kar ka zo ka gan mu."

Duk wata yakan aika abin da ya samu, ya san kuma ba ya isa.

Da bazara ta kama, zafi ya kai inda kwaltar filin jirgi ke laushi a ƙarƙashin takalmi, sai wani jirgi ya sauka wanda Salifu bai taɓa ganin irinsa ba. Ƙato ne, fari fat, babu sunan kamfanin sufuri a jikinsa. Aka ce sabon ƙira ne daga Turai, na ɗaukar mutum ɗari biyu da wani abu, amma ba a fara sa fasinja a ciki ba tukuna. Masu ƙera shi sun kawo shi ne su gwada shi a ƙasa mai zafi, su ga yawan man da yake sha idan iska ta yi zafi kuma yana ɗauke da cikakken nauyi. Za su yi sati biyu, su koma, su sake dawowa.

Aka ba Salifu aikin shayar da shi. Shugaban masu gwajin wani injiniya ne, dogon anasara mai furfura, kullum da fensir maƙale a kunne. Ma'aikatan filin suka sa masa suna Mai Fensir. Duk lokacin da aka zuba mai sai ya zo da kansa ya duba agogo ya rubuta, in jirgi ya dawo ya sake dubawa. A kwana na uku Salifu ya lura mutumin ya daina dariya. Yana ta juya takardu, yana faɗa wa mutanensa cewa lissafin bai haɗu ba: jirgin yana nuna ya sha mai fiye da yadda ya kamata, kuma sai a tashin rana tsaka kawai, na safe lafiya lau.

Salifu ya yi lakwal har aji shida, Faransancinsa na aiki ne, amma yana isarsa. Ya jira sai da mutane suka rage, ya matsa kusa, ya kira shi da Mushe, wato yallaɓai a Faransanci.

"Mushe, a ina kuke auna zafin man?"

"A babban tanki, lokacin da ake cika motarka. Me ya sa?"

"Motata takan tsaya awa uku a rana tana jiran ku gama shiri. Ku taɓa ta ku ji."

Mai Fensir ya ɗora tafin hannu a jikin tankin ya janye da sauri. Salifu ya ce mai in ya sha rana kumbura yake, litar ta cika amma nauyin ya ragu. Su masu zubawa sun daɗe da sanin cewa man tsakar rana bai kai na asuba auki ba. Injiniyan ya san wannan sarai, abin da bai sani ba shi ne motar na yin wannan doguwar tsayuwa. Ya aika aka kawo ma'aunin zafi, aka ɗebo mai daga bakin tiyo aka auna. Ya tsuguna nan a inuwar fiffike ya yi ta rubutu, can sai ya ɗago kai ya fashe da dariya. Jirgin bai sha fiye da ƙima ba, tun farko ne ba a ba shi abin da aka rubuta ba.

"Kwana uku muna zargin inji," ya ce. "Yaya sunanka?"

Bayan kwana biyu ya zo da wata takarda ya ce Salifu ya sa hannu. Gobe za su yi doguwar tafiya gabas su dawo, kuma ya nemo masa izinin shiga. Salifu ya shekara tara a ƙarƙashin fiffike, bai taɓa tashi sama ba.

Abin da ya gani a ciki ya ba shi mamaki. Babu kujerun fasinja sai ƴan kaɗan a gaba, da teburan na'urori. Sauran jirgin duka, tun daga tsakiya har wutsiya, ganguna ne na ƙarfe a jere, an ɗaure su da ƙasa, an haɗa su da tiyo.

"Mene ne a ciki?" ya tambaya.

"Ruwa," in ji Mai Fensir. "Su ne fasinjojinmu. Kowace ganga nauyin mutum uku ce da kayansu. Ba sa ƙorafi, ba sa neman abinci."

Jirgin ya yi gudu ya ɗaga, Salifu ya riƙe hannun kujera yana salati. Da suka daidaita sai ya saki jiki ya leƙa taga. Kogin Kwara ya wuce kamar zaren da aka yar. Daga nan sai ƙasa ja da fara, ba kore ko kaɗan. Bayan kamar awa guda injiniyan ya taɓa kafaɗarsa ya nuna masa taswira: sun wuce Maraɗi, yanzu za su sauko ƙasa-ƙasa su juya, don a ga abin da jirgin ke sha a can. Salifu ya manna goshi da gilashi. Ya gane kwaltar da ta nufi Tasawa. Ya gane kwarin Gulbin Kaba, busasshe, yana lanƙwasa ta gefen Mayahi. Arewa da shi ƙauyuka ne birjik kamar an watsa tsaba a kan faifai, kowanne da hanyoyin ƙafa da suka taru a rijiya. Ɗaya daga cikinsu Gidan Amumune ne, bai iya cewa wanne ba.

Jirgin ya karkata zai juya, ya ji ruwa na motsi a cikin ganguna a bayansa. Bai san hawaye na zubo masa ba sai da Mai Fensir ya tambaye shi ko jiri yake ji.

"Garinmu ne a ƙasan nan," in ji Salifu. "Ubana na can, da yayata."

Daga nan suka koma Yamai suka sauka. Da yamma, bayan ya gama aiki, ya ga ana buɗe wasu daga gangunan ana tsiyayar da ruwan a kan kwalta, don gwajin gobe na son ƙaramin nauyi. Ruwan ya malala ya bushe nan take. Salifu ya je ya sami injiniyan.

"Mushe, ina da tambaya. Jirgin nan ya san bambancin ruwa da hatsi?"

Mai Fensir ya cire fensir daga kunne ya juya shi a hannu. Ya ce a wasu gwaje-gwajen dole sai ruwa, don suna tura shi daga gangunan gaba zuwa na baya jirgi na cikin tafiya, buhu kuwa ba ya bin tiyo. Amma a doguwar tafiya daga Turai zuwa nan, abin da suke aunawa shan mai ne kawai, nauyi kuma nauyi ne.

"Ke nan in za ku dawo..."

"Na gane. Ba ni ke da jirgin ba, Salifu. Akwai manya, akwai masu inshora, akwai dokar abin da jirgin gwaji zai ɗauka. Ba zan yi maka alkawari ba."

"Ban ce ku yi alkawari ba. Ku dai tambaya."

Suka tafi ƙarshen watan Maris. Sati uku ba labari. Salifu bai faɗa wa kowa ba, don kar a yi masa dariya. A cikin wannan lokaci wani ɗan garinsu ya zo Yamai ya gaya masa ƙaramar ɗiyar Zara'u ta rasu, kuma mata sun fara tona gidan tururuwa suna neman tsaba.

Ranar wata Laraba farin jirgin ya sake sauka. Salifu ya tuƙo motarsa zuwa gindinsa. Aka buɗe ƙofar kaya ta ƙasa, sai ga buhuna an shirya su an lulluɓe da raga, har bakin ƙofa. Mai Fensir ya sauko daga matakala yana share gumi.

"Masara ce, da madarar gari kaɗan," ya ce. "Ton ashirin da huɗu. Ma'aikatan masana'antarmu ne suka haɗa, da manoman da ke kewaye da mu. Manya sun ƙi sau biyu, a na uku suka gaji da ni." Ya yi murmushi. "Kuma lissafin mai ya fita daidai. Ka ga jirgin bai gane ba."

Amma zamanin mulkin soja ne, duk abincin agaji da ya shigo ƙasa a hannun soja yake sauka, su ke raba shi. Kafin la'asar motocinsu sun kwashe buhunan zuwa sito. Salifu ya bi su a kan kekensa, ya zauna bakin ofis har aka shigar da shi wajen kapitan mai kula da rabon. Mutum ne gajere, idanunsa jajur don rashin barci, bangon bayansa duk taswira ce da aka soka wa allurai.

"Kai ne mai jirgin?" in ji kapitan. "Na ji labarinka. Me kake so?"

"Ranka ya daɗe, a kai wani abu ƙasar Mayahi."

"Kowa da ya shigo nan da garin da yake so a kai wa. Dubi allon nan. Duk inda ka ga allura, mutane na mutuwa." Ya dubi Salifu. "Ba hatsi ne ya fi damuna ba, mai ne. Jibi ina da motoci masu zuwa Damagaram. Kan kwalta za su bi, ba su da gazuwal ɗin ratsewa cikin rairayi. Zan iya sauke maka ton goma a Tasawa. Daga nan in kana da mota da mai, ka kai. In ba ka da su, kar ka sa in ajiye abinci inda zai zauna."

"Ina da mota," in ji Salifu. "Mai kuma, a ba ni zuwa gobe."

Ya fito bai san inda zai samo shi ba. Sai da ya koma filin jirgi ya wuce ta bayan ma'ajiyar mai, idonsa ya faɗa kan wasu ganguna uku da shi da kansa ya cika. Kullum kafin jirgin gwaji ya tashi da bayan ya sauka, akan tsiyayo mai daga ƙasan fiffike a duba ko da ruwa ko datti a ciki. Doka ta hana a mayar da wanda aka tsiyayo, sai a tara shi, masu kashe gobara su ƙone shi in suna atisaye. Man jirgi kuwa ɗan'uwan kananzir ne.

Da safe ya je gidan waya ya sa aka kira Tasawa, aka aika a nemo Iliya. Layin na ta ƙara, sai da suka yi ta ɗaga murya.

"Motarka za ta sha man jirgi?"

"Man mi?"

"Man jirgi! Kamar kananzir yake!"

Iliya ya ce, "In an zuba mashi man inji kaɗan don ya yi santsi, za ta sha. Babana ya taɓa yi da kananzir a yunwar da ta wuce. Za ta yi tari, amma za ta tafi. Mi za mu ɗauka?"

"Masara. Ka kori kajin nan."

Mai Fensir ya sa hannu a takarda cewa gangunan na kamfaninsu ne kuma ya bayar. Kapitan ya karanta, ya buga hatimi, ya haɗa Salifu da wani soja mai igiya biyu, Umaru, wanda zai raka kayan ya ga an raba. Shugaban Salifu a wurin aiki ya ba shi kwana biyar, ya ce in ya ƙara ko ɗaya ya nemi wani aikin.

Kwana biyu suka yi a hanya, Salifu na zaune bisa buhuna a bayan motar soja, ganguna uku ɗaure a gefensa. A Tasawa suka iske Iliya ya wanke kamyo, ya zo da maza shida daga majami'arsu don lodi. Matarsa Alheri ta kawo wa sojoji ruwa a tulu. Iliya ya buɗe ganga ya shinshina, ya zuba man inji gwangwani biyu, ya karkaɗa da sanda, suka ɗura. Ya murɗa makulli. Motar ta yi tari sau uku, ta yi shiru. Ya sake. A karo na huɗu ta kama, ta tofar da farin hayaƙi, unguwar duka ta ɗauki warin fitila.

"Yau tsohuwa ta sha abin manya," in ji Iliya, yana dukan sitiyari.

Suka bar kwalta da hantsi. Hanyar rairayi ce, motar kuma ta yi nauyi, ga man bai ba ta ƙarfi kamar gazuwal. Iliya na ta canza giya yana yi mata magana kamar mai lallashin jaki. Dab da garin Sarkin Hausa, a wani kwari, tayoyin baya suka nutse har gindi. Suka haƙa, suka sa kara, ba ta motsa ba.

"Sai an sauke rabi," in ji Iliya.

Kafin su fara, mutanen garin sun fito. Maza da mata, wasu na dogara sanda, suka kewaye motar suna kallon buhuna. Umaru ya gyara riƙon bindigarsa. Sai wani dattijo mai suna Liman Danda ya matso ya yi sallama, ya tambayi ina za a kai. Salifu ya ce Gidan Amumune.

"Allah ya kai lahiya," in ji dattijon. Ya juya wajen mutanensa. "Ku kama masu."

Mutanen da da ƙyar suke tsayuwa suka shiga sauke buhuna, mutum huɗu a kan buhu ɗaya. Suka jera su a gefe, suka sa kafaɗa suka tura motar har ta fita daga kwarin, suka kuma ɗauko buhunan suka fara mayarwa. Wani buhu ya ɗan yage, tsaba ta zuba a rairayi, wata mata ta tsuguna ta tsince ta tas ta kawo wa Salifu a bakin zanenta.

Salifu ya kasa karɓa. Ya ja Iliya da Umaru gefe.

"Na yi wa gida niyyar ton goma," ya ce. "In na rage, me zan ce da su?"

"Ka ce ka iske masu yunwa a hanya," in ji Iliya.

Umaru ya zaro takardar kapitan daga aljihu ya duba. "Nan ƙasar Mayahi aka rubuta. Ba a ce gari kaza ba."

Salifu ya ce a dakata da lodi. Buhu talatin da ke ƙasa suka bar wa Liman Danda, Umaru ya sa shi ya dangwala yatsa a takarda. Dattijon bai yi dogon godiya ba. Ya riƙe hannun Salifu da hannu biyu, ya tambayi sunan ubansa, ya ce za a sa shi a addu'a.

A Mayahi suka tsaya aka buga wa takardarsu hatimi a ofishin kumandan, mai mulkin gundumar, suka ci gaba. Rana ta yi sanyi lokacin da suka shiga Gidan Amumune. Garin ya fi yadda Salifu ya bar shi shiru. Ƙarar motar ce ta fito da mutane, ɗaya-ɗaya. Ya hango Zara'u a ƙofar gida, bai gane ta ba sai da ta yi tafiya.

"Yaya," ya ce, ya diro. Ya fara yi mata gaisuwar ɗiyarta, ta katse shi.

"Na sani," in ji ta. "Bari wannan tukuna. Mi ka kawo?"

Maigari da Umaru suka zauna a gindin gawo, aka kira gida-gida, har da rugar Fulanin da ke bayan gari da ƙauyuka biyu na kusa. Zara'u ce ta ce kar a ba kowa ya tafi da ita ɗanya a yau, don masarar ta bushe ƙam kuma mutane ba su da ƙarfin daka, wasu za su ci ta haka ta kashe su. Ta tara matan da ke da sauran ƙarfi, aka fito da turame goma a fili, ana karɓa-karɓa. Aka dama kunu mai ruwa-ruwa da madarar gari a manyan tukwane, aka fara ba yara da tsofaffi kaɗan-kaɗan. Iliya ya karɓi taɓarya zai taya su, matan suka yi ta yi masa dariya har ya ajiye. Salifu ya daɗe bai ji dariya a garin nan ba.

Malam Gado bai iya fitowa ba, sai Salifu ya kai masa kunun zaure ya riƙe masa ƙwarya. Tsohon ya sha kurɓi uku ya huta.

"An ce ka hau jirgin."

"Na hau, Baba. Har ta kan garin nan muka bi."

"Ka ga gonata?"

"Ban gane ta ba. Daga can duk gonaki ɗaya suke."

Tsohon ya gyaɗa kai, kamar dama haka ya zata. "To, ba ni sauran."

Masarar ba ta ceci kowa da kowa ba. An yi jana'iza huɗu a garin bayan zuwanta. Amma ta riƙe mutane sati biyar, har motocin gwamnati suka samu mai suka fara shigowa da jar dawa. Ganga ɗaya da rabi da suka rage Salifu ya bar wa Iliya, shi kuma ya yi sawu uku da su daga siton Tasawa zuwa ƙauyukan da ke nesa da kwalta, kafin famfon motar ya gaji ya tsaya. Iliya ya ce ba komai, dama ya tsufa.

Salifu ya koma Yamai a rana ta biyar da la'asar, ƙura har cikin kunne, ya iske farin jirgin ya gama gwajinsa ya tafi tun jiya. Mai Fensir ya bar masa saƙo a wajen mai gadi, ƴar takarda ce da adireshi, da layi ɗaya: ya rubuto ya faɗa masa ko motar ta tashi. Salifu ya sayi ambulan a hanyar gida. Wasiƙar ta ɗauke shi kwana uku, don yana so ya sa komai a ciki kuma Faransancinsa bai kai ba.

Ruwan farko ya sauka a ƙasar Mayahi ƙarshen watan Yuni, mai yawa, cikin yini ɗaya. Mijin Zara'u ya dawo da ƙafa daga kudu da tiya huɗu ta irin gero ɗaure a rawaninsa. Malam Gado ya sa aka ɗora shi a kan jaki aka kai shi gona, ya zauna a kan tabarma yana nuna wa jikokinsa inda za su sa sungumi, yana faɗa in sun matse layi.